Yadda A Ke Ɗumama Gida Da Sanyaya Shi A Birnin Washinton

Jawabin kimiyya na yau a kan wata bukata ne wadda mutumin Kano da mutumin Amurka suka yi tarayya a cikinta, watau samun ɗakin da za a kwanta a yi barci ba tare da ɗari ko gumi ya hana ba. Za a bayyana yadda mutanen birnin Washinton da kewayensa su ke ɗumama gidajensu a lokacin sanyi, su kuma sanyaya su a lokacin zafi. Wanda ya bi bayanin har ƙarshe zai ga aikin biyun duk tushensu ɗaya ne, kuma tushen nan yana nan a cikin randar da ke gindin bishiya a kowane gida na ƙasar Hausa.

Birnin Washinton, hedkwatar Amurka, yana bakin kogin Fotomak ne, tsakanin jihar Meriland da jihar Bajiniya. A watan Janairu, da dare, sanyi ya kan kai inda ruwa zai daskare a cikin kwano, wani lokaci kuma dusar ƙanƙara ta rufe tituna. A watan Fabrairu na 1899 ma'aunin Santigiret ya sauka har digiri 26 ƙasa da sifiri. A watan Yuli kuwa, da rana, ma'auni ya kan kai digiri 32, kuma sau biyu, a watan Agusta na 1918 da watan Yuli na 1930, ya taɓa kai 41. Mutumin Sakkwato da ya saba da zafin Afrilu zai ce digiri 32 ai ba komi ba ne. To, amma zafin Sakkwato busasshe ne, gumi na fita yana bushewa. Na Washinton kuwa iskarsa cike ta ke da laima, kamar ranar da hadari ya haɗu a farkon damina ya ƙi zubar da ruwa. Gumi ya fito ya zauna a jiki, riga ta manne, barci ya gagara.

Wannan zafi ya taɓa shiga tarihin ƙasar. Ran 2 ga Yuli, 1881, wani mutum ya harbi Shugaba James Garfield a tashar jirgin ƙasa ta Washinton. Aka kai shi fadar shugaban ƙasa aka kwantar, ga rauni, ga zazzaɓi, ga tsakiyar lokacin zafi. Injiniyoyin sojan ruwa suka haɗa wani babban akwati, suka cika shi da ƙanƙara, suka rataya ƙyallaye da ruwan ƙanƙarar ke jiƙawa, sa'an nan suka sa fanka tana kora iska ta cikinsu zuwa ɗakin majinyacin. Ɗakin ya yi sanyi ƙwarai. Amma cikin wata biyu sai da akwatin nan ya cinye ƙanƙara wajen nauyin fam dubu 500. Shugaban bai tashi ba, ya rasu ran 19 ga Satumba bayan an kai shi bakin teku a jihar Niyu Jasi. Abin da aka yi wa shugaban ƙasa da wahala da kuɗi mai yawa a 1881, shi ne yau wani akwatin ƙarfe ke yi a bayan gidan ma'aikaci, domin kusan gida 9 cikin 10 na Amurka suna da na'urar sanyaya ɗaki.

Kafin a shiga cikin na'urorin, akwai ƙa'idodi uku da ya kamata a riƙe.

Ta farko, zafi tafiya ya ke yi, kuma kullum daga abin da ya fi zafi ya ke zuwa abin da bai kai shi ba, kamar yadda ruwa ke bin gangare. Abin da a ke kira sanyi ƙarancin zafi ne kurum. Wanda ya riƙe ƙanƙara a hannu, zafin hannunsa ne ke fita yana shiga ƙanƙarar. Saboda haka duk mai son ya sanyaya ɗaki, aikin da ke gabansa shi ne ya kwashe zafin ɗakin ya kai waje.

Ta biyu, duk ruwan da zai zama tururi sai ya sha zafi mai yawa, in kuma tururi zai koma ruwa sai ya amayar da zafin nan. Zafin da mudu ɗaya na tafasasshen ruwa ke bukata ya ƙafe ƙurmus ya ninka sau biyar wanda ya kai shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Wannan shi ne sirrin randa. Ruwa na tsatsowa ta jikin yumɓu, iska na busar da shi, shi kuwa yana tafiya da zafin ruwan da ke ciki. Haka gumi ke yi wa jikin mutum.

Ta uku, in an matse iska ta kan yi zafi, in an sake ta ta bazu ta kan yi sanyi. Duk wanda ya taɓa ba tayar keke iska ya san gindin famfo ya kan ɗau zafi. In kuma an matse wata irin iska ƙwarai, ta kan koma ruwa. Mai girgiza tukunyar gas ta girki zai ji ruwa na motsi a ciki, alhali kuwa iska ce ke fitowa ta bakin murhu.

To, a fara da ɗumama gida, domin ita ta fi sauƙin fahimta. Yawancin gidajen wannan yanki suna da ɗaki a ƙarƙashin ƙasa, a nan a ke ajiye tanderun ɗumama gida. Akwatin ƙarfe ne wanda tsayinsa bai wuce ƙirjin mutum ba. Da can gawayin kwal a ke zuba masa da shebur, daga baya aka koma man fetur mai kauri, yanzu kuwa da yawa iskar gas su ke ci, wadda ke zuwa ta bututu a ƙarƙashin titi kamar ruwan famfo. Wutar tana ci ne a cikin wasu bututun ƙarfe da aka lanƙwasa aka rufe ruf. Hayaƙinta yana bin cikin bututun ya fita ta saman gida. Wata babbar fanka kuma tana kora iskar gida ta bayan bututun nan masu zafi, iskar ta ɗauki zafin ƙarfen, ba ta gamu da hayaƙin ba. A kula da wannan, domin rayukan mutanen gidan a kan wannan ɗan bangon ƙarfe su ke.

Daga tanderu, iska mai ɗumi ta kan bi wasu hanyoyi na kwano da aka ɓoye cikin bango da ƙarƙashin daɓe, ta ɓullo kowane ɗaki ta wata 'yar taga mai raga. Akwai kuma wasu tagogin da ke zuƙe iskar da ta huce su mai da ita ƙasa. Kafin ta sake shiga tanderu sai ta ratsa wata matata mai kama da tabarmar auduga, wadda ke tare ƙura da gashi. Haka iskar gida ke ta kewayawa, kamar yadda jini ke fita daga zuciya ya komo. Tanderu irin na da ya kan bar kashi 80 cikin 100 na zafin gas a cikin gida, saura ya bi hayaƙi. Sababbi kuwa su kan tatse hayaƙin har tururin da ke cikinsa ya koma ruwa, bisa ƙa'ida ta biyu, su sami kashi 90 zuwa 98.

A tsofaffin unguwannin birnin, inda gidajen jan bulo ke jere bango a manne da bango, akwai inda ba iska a ke korawa ba, ruwa ne. Tukunyar ƙarfe ke dafa shi a ƙasa, ya bi bututu zuwa wani ƙarfe mai haƙarƙari da ke tsaye gindin taga a kowane ɗaki, ya bar zafinsa nan, ya koma tukunya. Direbobi sun san irinsa, domin aikin lagireton mota ke nan.

Wa ke gaya wa tanderu ya kama ko ya tsaya? Wani ɗan akwati ne a jikin bangon zaure ko falo, bai fi tafin hannu ba, sunansa tamostat, watau mai gadin zafi. Wani malamin makaranta a jihar Wiskonsin, Warren Johnson, shi ya sami rajistar irinsa mai aiki da lantarki a 1883. A cikin na da akwai ƙarfe iri biyu da aka manne baya da baya. Da ya ke ɗaya ya fi ɗaya miƙewa in ya ji zafi, sai su lanƙwashe wannan gefe in ɗaki ya ɗumama, su koma wancan gefe in ya huce, da haka su ke haɗa wayar lantarki su kuma raba ta. Na yanzu ƙaramar kwamfuta ce ke aunawa, amma aikin bai sake ba. Maigida ya saita shi, alal misali, a kan digiri 20. In ɗaki ya sauka ƙasa da haka, sai ya aika saƙo. Wata 'yar fanka ta fara share bututun hayaƙi, wani ɗan ƙarfe ya yi ja zur, bawul ya buɗe, gas ya kama. In wuta ba ta kama ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, bawul ya rufe da kansa. Sai ƙarfe ya ɗau zafi sa'an nan babbar fanka ta tashi.

Yanzu sai sanyaya gida. Wuta kowa ya iya hura ta, amma kora zafi daga ɗaki mai digiri 26 zuwa waje mai digiri 35 kamar sa ruwa ya hau tudu ne. Sai da famfo. Tun a 1851 wani likita a jihar Fulorida, John Gorrie, ya sami rajistar injin yin ƙanƙara domin sanyaya ɗakin masu zazzaɓi, kuma mutum-mutuminsa na nan a ginin majalisar dokoki a Washinton. A 1902 wani saurayin injiniya, Willis Carrier, ya ƙera wa wata maɗaba'a a Burukilin ta birnin Niyu Yok na'urar rage laima, domin takarda na kumbura, launuka suna kauce wa juna wajen bugu. Daga nan abin ya bazu. An sa shi a zauren majalisar wakilai a 1928, a na dattawa a 1929, a ofishin shugaban ƙasa a 1930. Gidajen talakawa kuwa sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu.

Na'urar gida kashi biyu ce, ɗaya a ciki, ɗaya a waje, siraran bututun jan ƙarfe guda biyu sun haɗa su. A cikin bututun akwai wani ruwa na musamman wanda masu gyara ke kira gas. Ruwan sha sai ya kai digiri 100 ya ke tafasa, wannan kuwa in an sake shi a fili zai tafasa ko a digiri 40 ƙasa da sifiri. Tafiyarsa zango huɗu ce.

Zango na farko a cikin gida ne, a bisa tanderun nan, inda aka nannaɗe bututun aka yi masa fukafukai na alminiyam. Ruwan ya shigo nan da sanyi wajen digiri 5. Fankar da ke aikin ɗumi a hunturu ita ce ke kora iskar gida ta cikin fukafukan. Zafin iskar ya shiga ruwan, ruwan ya tafasa ya zama tururi, iskar ta wuce ɗakuna ta rage zafi da digiri 8 zuwa 11.

Zango na biyu, tururin ya bi bututu ya fita waje, ɗauke da zafin ɗaki, ya faɗa injin matsi, wanda makanikai ke ce wa kwamfireso. Shi ne mai gurnani a bayan gida, shi ne kuma mai shan yawancin lantarki. Ya matse tururin har ya fi iskar waje zafi nesa ba kusa ba. Da haka aka sama wa zafi gangaren da zai bi.

Zango na uku, tururin mai zafi ya bi wani naɗin bututu da ke kewaye da akwatin waje, wata fanka tana jan iskar waje ta cikinsa. Zafi ya fita ya bi iska, tururin ya koma ruwa. Wanda ya sa hannu a saman akwatin zai ji hucin da ke tashi. Zafin ɗakin kwana ke nan, da na wurin girki, da na jikin mutanen gida, haɗe da na wahalar injin.

Zango na huɗu, ruwan ya komo cikin gida har yanzu a matse, ya iske wata 'yar ƙofa ƙunci kamar kafar allura. Yana ratsa ta sai matsi ya sake shi, ya yi sanyi nan take, ya sake shiga zango na farko. Ruwan ba ya ƙarewa, ba a kuma ƙona shi. In makaniki ya ce gas ya ƙare, to, akwai inda ya ke yoyo, kuma ƙara wani ba tare da toshe wurin ba zubar da kuɗi ne.

Akwai aiki na biyu da na'urar ke yi, wanda a Washinton ya kai na farko muhimmanci. Kowa ya ga yadda kwalbar lemo mai sanyi ke yin raɓa a jikinta. Haka laimar iskar gida ke taruwa a jikin fukafukan nan masu sanyi, ta ɗiga cikin faranti, ta bi tiyo ta fita, galan da yawa a yini. Iska ta bushe, gumi ya sami inda zai tafi. Saboda wannan ne masana ke hana sayen na'urar da ta fi ƙarfin gida. Ta kan sanyaya ɗaki maza-maza ta tsaya tun ba ta kwashe laima ba, a zauna cikin sanyi mai danshi.

A kasuwannin Kano da doki a ke faɗin ƙarfin na'ura, a ce doki ɗaya ko doki ɗaya da rabi. A Amurka kuwa da tan a ke faɗi, kuma sunan gadon zamanin ƙanƙara ne. Na'ura mai tan ɗaya ita ce wadda ke kwashe zafin da zai narkar da ƙanƙara fam 2,000 cikin awa 24. Mai doki ɗaya da rabi kusan tan ɗaya ke nan. Gidan iyali ya kan bukaci tan 2 zuwa 4. In an raba ƙanƙarar da aka narkar wa Shugaba Garfield bisa kwanakin wata biyun nan, za a sami wajen tan 4 a yini.

Mai hankali zai tambaya, tun da na'urar nan tana kwashe zafi daga ciki ta kai waje, me zai hana a juya ta a hunturu? Lalle an yi haka, kuma wani masani na Birtaniya, Lord Kelvin, ya faɗi dabarar tun 1852. Ana kiranta famfon zafi, kuma gidaje da yawa a Meriland da Bajiniya da ita su ke aiki. Bawul ɗaya aka ƙara mai juya tafiyar ruwan, sai naɗin waje ya zama mai shan zafi, na ciki ya zama mai amayarwa. Ko iskar da ta daskarar da ruwa tana da sauran zafi, muddin ruwan cikin bututu ya fi ta sanyi. Da ya ke ɗauko zafi ta ke yi ba ƙirƙirarsa ba, awon lantarki ɗaya ya kan kawo awo 2 zuwa 4 na ɗumi. In ɗari ya tsananta ƙarfinta ya kan ragu, sai wayoyin lantarki masu zafi ko tanderun gas su taimaka.

Jin daɗin nan yana da farashi. Ɗumama gida da sanyaya shi su ke cin wajen rabin makamashin da gidan Amurka ke amfani da shi. In kuma lantarki ya yanke, akwatin nan ƙarfe ne kawai. Ran 29 ga Yuni, 2012, zafi ya kai digiri 40 a Washinton, da dare guguwa ta kayar da itatuwa bisa wayoyi, gidaje da kantuna fiye da miliyan ɗaya na yankin suka rasa wuta, waɗansu har mako guda, tsofaffi da marasa lafiya suka shiga hatsari. Shi kansa ruwan cikin bututu ya jawo magana. Irin wanda aka fito da shi a 1930 da sunan Freon, masana biyu, Molina da Rowland, sun nuna a 1974 cewa yana cinye wani rufin iska da ke can sama, mai tare mugun hasken rana. Ƙasashen duniya suka yi yarjejeniya a Mantiriyal a 1987 a daina yin sa. Waɗanda suka maye gurbinsa kuma aka ga suna ƙara ɗumamar duniya, aka sake yarjejeniya a Kigali a 2016 a rage su.

Hatsarin da ya fi kusa da rai kuwa na wuta ne. Duk wutar da ba ta sami isasshiyar iska ba ta kan fid da wata guba mai suna kabon monoksaid, ba ta da launi, ba ta da wari. Jini ya fi kama ta bisa iskar numfashi sau 200 da ɗoriya. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. In bangon ƙarfen nan na tanderu ya tsage, ko bututun hayaƙi ya toshe, ta shiga ɗakuna ke nan. Tana kashe mutum fiye da 400 a Amurka kowace shekara. Don haka a ke duba tanderu kafin sanyi ya shigo, a sake matata duk bayan wata ɗaya zuwa uku, a kuma liƙa 'yar na'ura mai ƙara kusa da ɗakin kwana. Wannan gargaɗi ya shafi mai sauraro a Zariya da Maraɗi daidai da na Washinton. Kaskon gawayi da a ke shiga da shi ɗaki a hunturu a rufe ƙofa, da janareta da a ke tayarwa a zaure ko gindin taga, gubar nan ɗaya su ke fitarwa. A bar janareta a fili nesa da taga, a fid da kasko kafin a kwanta.

Magina na ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da ƙa'idodin nan ba tare da lantarki ba. Soron ƙasa mai kaurin bango ya kan jinkirta zafin rana, bai ratso ciki ba sai dare ya yi, sa'ad da a ke bukatarsa a hunturu. Rufin kwano marar silin kuwa nan da nan ya ke miƙa zafi ciki. Wani malami a Dutse ta jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, aka sami wurin ajiye tumatir da yalo kwanaki ba su lalace ba, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Dabarar tana ci ne inda iska ta bushe. A Washinton, cikin laimar Yuli, randa ba za ta yi sanyin kirki ba, shi ya sa dole a nemi kwamfireso.

Wanda ke da na'ura a ɗakinsa, ya rufe taga da ƙofa in tana aiki, ya wanke matatarta, kada ya toshe wa akwatin waje iska, ya kuma saita ta wajen digiri 25 ko 26, domin saita ta a 16 ba ya sa ta sauri, sai dai ta daɗe tana shan wuta. Wanda ba shi da ita, inuwar bishiya a yammacin ɗaki, da silin ƙarƙashin kwano, da farin fenti a bisa rufi, duk suna tare zafi tun bai shigo ba, kuma wanda bai shigo ba ba sai an biya kuɗin fitar da shi ba.

To, jama'a, nan jawabin yau ya tsaya. A huta lafiya.